Ƙararrawar da Ta Yi Shiru

Riƙo ne ya ci tsohon nan, ba tsufa ba.

Ya kira mai gyara ya duba masa ƙararrawar ƙofa, don ya gaji da jiran ta yi ƙara.

"Baba, lafiyarta ƙalau," in ji mai gyara. "Kwamfutar da ke tafiyar da gidan ce ta kashe ta. Kun jibga mata fitilu da famfuna da kyamarori, aiki ya yi mata yawa, shi ne take sauke abin da ba a amfani da shi. Ta lura in an danna ba kwa buɗewa."

"Lokacin ina fushi da ƙanena ne."

"Ita ina ta san fushi yana hucewa?"

Mai gyara ya nuna masa hotunan bakin ƙofa da kyamara ta ɗauka. Ga ƙanen yana dannawa. Ga shi kuma, ya rame, yana dogara sanda. A hoton ƙarshe ɗan ƙanen ne shi kaɗai, idanu jajur.

Tsoho ya rasa ƙane, ya rasa jana'izarsa, ya rasa mai ce masa Yaya. Abin da ya rage masa sai gidan da ko ƙwan fitila ɗaya bai mutu ba.