Fankar Motar Baba

Karo na uku ke nan a wata guda da aka kira Likita a kan fankar mota ɗaya. Ba likitan mutane ba ne, bakanike ne. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya rubuta shi da jan fenti a ƙofar gareji don kada wani ya manta. Ya sauka daga babur dafe da ƙugu, yana mitar cewa duk garin nan ba wanda ake wahalarwa kamarsa, don kawai Allah ya ba shi hannu.

Babban ɗan gidan, wanda kowa ke kira Yallaɓai, yana tsaye a bakin rumfar mota cikin kayan ofis. Bayaninsa bai canza ba. Wata huɗu ke nan da asibiti suka hana mahaifinsa tuƙi saboda ido. Shi da kansa ya karɓe makulli, ga shi nan a aljihunsa. Mota tana ajiye, ba mai taɓa ta. Amma duk ranar da ya leƙo gida da rana ba zato, sai ya tarar fankar lagireto tana gurnani ita kaɗai.

Zuwan farko da na biyu, da safe Likita ya zo, ya sami injin a sanyaye. Ya canza rile, ɗan makunnin da ke tayar da fankar. Ya dawo ya canza ɗan abin da ke jin zafin ruwa. Yau kuwa tana cikin juyawa aka buga masa waya, kafin ya iso ta yi shiru.

Yallaɓai ya ce ya gaji. In ba a gano matsalar yau ba, gobe zai kira dillali ya rabu da motar kafin ta kama da wuta. Zai kuma gaya wa mutanen ofis cewa Likita ba gyara ya iya ba, canje-canje ya iya. Rabin motocin da ke cika garejin Likita na mutanen ofishin nan ne.

Likita ya haɗiye maganar, ya ɗora tafin hannu a kan bonet. Da zafi. Ga mota a inuwa.

Shekara ashirin da biyar yana koya wa masu mota karatu ɗaya. Fanka ba ta tashi don ta ga dama. Sai inji ya yi aiki, ruwa ya ɗau zafi, allurar ma'aunin zafi ta kai tsakiya ko ta ɗan gota, musamman a cunkoso inda iska ba ta bugun lagireto. Ko kuma a kunna na'urar sanyi. Wasu motocin, irin wannan, in an kashe su da zafi sai fankar ta ci gaba na 'yan mintuna. Ba ciwo ba ne, haki ne na wanda ya dawo daga tafiya.

Ya karɓi makulli, ya buɗe ƙofa ya shiga don ya tabbatar. Gwiwarsa ta daki sitiyari. Ya yi tsaki, ya tura kujerar direba baya, ya wurga wani matashi da ya tokare shi zuwa kujerar baya, ya ɗaga madubi da ke nuna masa tumbinsa maimakon fuskarsa. Ya murɗa makulli rabi. Allura ta miƙe kusan tsakiya.

Maman gidan ta kawo masa ruwa a kofi. 'Yar guntuwar mace ce marar magana, mayafinta a kafaɗa, takalmin fita a ƙafa. Ya kwankwaɗe bai ko dube ta ba. Idonsa yana kan Baba.

Tsohon yana zaune a baranda, ya miƙe dogayen ƙafafunsa, hula a karkace, sai ƙanshin turare. Shekara talatin ya yi yana jan babbar mota. Likita ya gaishe shi. Baba ya amsa da fara'a yana fuskantar ginshiƙi.

Likita ya hasko wannan makahon riƙe da sitiyari. Ta titin nan kuwa nasa jikokin ke tsallakawa zuwa makaranta.

Ya durƙusa, ya rage murya. "Baba, ina aka zaga yau?"

"Ni? Wallahi rabon hannuna da sitiyari wata huɗu."

Likita ya san ƙarya, da ita yake lallashin masu mota kullum, amma bai taɓa jin mai tsabta irin wannan ba. Har ya ji kishi.

Ya koma gindin mota yana nazari. In ya faɗi gaskiya sunansa ya wanku, amma an sayar da mota, an kunyata tsoho a gaban ɗansa. In ya yi shiru, ya bar makaho a kan titi da makullin ɓoye. Ai shi ya sa ake kiransa Likita. Ya sunkuya, ya zare fiyus ɗin famfon mai, ya jefa a aljihu. Motar da ba ta tashi, fankarta ba ta juyawa.

Sannan ya miƙe ya zuba wa Yallaɓai dogon bayani a kan wata waya da ta goge tana taɓa ƙarfe, wadda duk garin nan shi kaɗai zai iya ganowa. Ya ce daga yau in fankar nan ta sake motsi, a goge sunansa daga ƙofar gareji. Yallaɓai ya duba agogo, ya fasa zancen dillali, ya koma ofis.

Likita ya ja babur zuwa ƙofa, a gajiye amma yana yaba wa kansa, tunda ba mai yaba masa. Sai ya ji takun ƙafa a bayansa. Mama ce. Ta tsaya ta buɗe masa tafin hannu.

"Ɗan nan, miƙo abin da ka sa a aljihu. Gobe abokan Baba na jiransa a tsohuwar tasha, kuma in bai je ba ba ya cin abinci."

Likita ya buɗe baki zai yi maganar ido.

"Ka kuma koma ka mayar mini da kujerata da matashina yadda ka same su," in ji ta. "Daga inda ka tura ta ƙafata ba ta kai birki."