Zobban Jaririn Gidan Indabawa

Kwana biyar da haihuwa, ba a sayo ragon suna ba. A unguwar Obiagu kuwa, inda tarin maƙwabci ma ana jinsa ta bango, irin wannan ba ya ɓoyuwa.

Jaririn Ramlatu ya zo duniya da ninkin fata zagaye da hannuwa da ƙafafu, zobe bisa zobe, kamar an ɗaɗɗaure shi da zare. Yana shan nono, yana barcinsa, lafiya ƙalau. Amma matan unguwa sun samu abin yi. Wata ta ce igiyar akuya uwar ta tsallaka da ciki, wata ta ce iskokin ramin kwal ne. Ma'u ungozoma, mai yi wa jaririn wanka safe da yamma, ta kore su duka da tsintsiya.

Ma'u tsohuwa ce mai kaifin harshe, hannuwanta cike da awarwaro har gwiwa, ko wanki take yi ba ta cire su. Shekara talatin da biyu ke nan da ta biyo marigayiya Hajiya Baiwa daga Onitsha, lokacin da Hajiyar ta dawo da ɗa namiji bayan shekara goma ba haihuwa. Yaron nan shi ne Alhaji Muntaka Indabawa, mai rumfar albasa a kasuwar Ogbete, mijin Ramlatu. Babu wanda Ma'u ba ta kira da sunansa gatsal, har liman. Muntaka kaɗai take ce wa "mai gidan nan", har ana yi mata tsiya wai ashe ita ma ta san girman mai arziki.

Likitan asibitin mishan ne ya ɓata lamarin, shi da ya yi nufin kwantar da hankali. Ya ce ba iska ba ce, ba igiya ba ce, abu ne na jini da ake gada a wurin uwa ko uba, kuma yana bajewa idan yaro ya girma. Muntaka ya bar duk sauran bayanin a asibiti, ya ɗauko kalmar gado ya dawo da ita gida. Dangin Ramlatu na Fatakwal sun rantse ba su da irin wannan. Indabawa kuwa, in ji shi, tun kaka da kakanni ba a taɓa gani ba. Saboda haka ya ce ɗan ba nasa ba ne: babu rago, babu suna, kuma dole Ramlatu ta haɗa kayanta ta bi jirgin ƙasa na ranar Juma'a.

Ramlatu ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ma'u ba ta rarrashe ta ba, don ranta ya gama ɓaci. Ta ɗaure zani ta faɗa zaure, inda Muntaka ke cin abincin rana da abokan kasuwarsa, ta ce kowa ya ɗauki takalminsa. Suka ɗauka.

"Naɗe hannun rigarka," ta ce.

Ya naɗe, don shi ma tun yana yaro yake shakkarta. Sama da gwiwar hannu akwai layuka uku sirara, zagaye, waɗanda sai an ƙura ido ake gani. Ya ce ai Hajiya ta faɗa masa, zaren kambu ne ya ci shi yana jariri.

"Kambu har a cinya? Ni na wanke ka, kuma ka fi ɗan nan ninki. Sai da ka shekara huɗu suka baje. Ka aika a sayo rago, in ba haka ba gobe a ƙofar masallaci zan tsaya in ba Obiagu labarin cinyarka."

Muntaka ya daɗe yana kallon hannunsa, kunya ta rufe shi. Can ya tambaya a hankali, to shi a wurin wa ya gada? Shi ya yi wa mahaifinsa wankan gawa, bai ga komai ba, Hajiya ma hannunta sumul yake.

"Rago na ce maka," in ji Ma'u, ta juya ta fita.

Ran suna raguna biyu aka yanka. Ramlatu ta kwance kayanta, matan da suka sha tsintsiya suka dawo suna cewa ai su dama sun ga kamannin.

Da safiyar ranar sunan, kafin a fito da jariri, Ma'u ta rufe ƙofar ɗaki don ta yi masa wanka. Ta zare awarwaronta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora ɗan hannunsa a kan nata, layi ya hau kan layi. Alkawarin rufin asirin da ta yi wa Hajiya Baiwa a Onitsha ta riƙe shi, kuma za ta shiga kabari da shi. Abu guda ne kawai ta kasa ɓoyewa duk shekarun nan, ba kuwa wanda ya lura: mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari.