Sulen da Ta Taɓa

Da ya buɗe gwangwanin, sai ya ga tsoffin sulallansa suna ƙyalli kamar yau aka buga su.

"Ni na wanke maka su, Baba," in ji ɗansa daga bakin ƙofa, makullin sabuwar motarsa a hannu. "Tsamiya da toka kawai. Akwai wani mai baƙin tabo, sai da na dirje shi sosai sannan ya fita."

Tun da naira ta shigo, tsohon ya ƙi kai su canji Ƙanƙara. Kowanne ya naɗe shi cikin auduga, ya rataye gwangwanin can sama saboda danshin damina. Ba ya kama su sai ta gefe, don gumin hannu na ɓata su. Shekara biyar ke nan yana haka a Ketare, shi kaɗai cikin gida mai ɗaki shida.

"An gode," ya ce. "Allah shi yi albarka."

Kafin la'asar motar ta kama hanyar Kaduna.

Tsohon ya baje sulallan bisa buzu yana juyawa ɗaya bayan ɗaya. Mai tabon nan, marigayiya matarsa ce ta miƙo masa tana tsakiyar tuyar ƙuliƙuli, hannunta duk mai, ta ce ya sayo mata gishiri. Bai kai ga sayowa ba ta kwanta ciwon ajali. Shatin babban yatsanta ya zauna a kan sulen.

Yanzu duk iri ɗaya suke. Ya kasa gane wanne ne nata.