Gumbar Sadakar Uku

Shekarar da cutar agana ta shigo Gaya, lokotoro, wato likitan Nasara, ya sa aka kwashe Baba zuwa bukkokin bayan gari, kuma can ya cika. Mu kuwa aka kewaye ƙofar gidanmu da igiya, aka dasa gardi da bulala, ba shiga ba fita.

Ranar sadakar uku Inna ta daka gumba, ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gida don masu gaisuwa. Ina leƙe ta zana na ga Gwaggo, ƙanwar Baba, da ta taho a ƙasa tun daga garin Bana. Gardin ya kora ta kamar akuya.

La'asar ta yi, tabarmin nan ba kowa a kai. Sai na ji Inna tana cewa, "Sai haƙuri. An gode, Allah ya ba da lada." Tana sunkuyar da kai, tana amsa gaisuwar da ba wanda ya yi mata.

"Inna, da wa kike magana?"

"Yi shiru, ba ki ga baƙi ba?"

Ina cikin kuka gardin ya leƙo. "Ke yarinya, miƙo mini ƙwaryar can." Ya tsuguna bakin igiyarsa ya cinye gumbar nan tas, har da lashe yatsu.

Yau na tsufa, na yafe wa agana, don ita ba ta da ido. Amma mutumin da ya ƙyamaci gidanmu bai ƙyamaci gumbarmu ba, shi kam ban yafe ba.