Farin Ɗigo a Gindin Dala

Kai da kake ce min ai kullum kana ganin mutanen gida ta waya, ajiye ta tukuna, gyara zama ka ji. An yi wani mai ɗaukar hoto, haifaffen gindin Dala, wanda sana'a ta kai shi Funtuwa ya zauna. Shi ba hoton biki ba ne ya dame shi, ba na suna ba. Farin wata yake bi, kamar wanda aka yi wa asiri. Ranar sha huɗu ga wata, da magariba, lokacin da wata ke fitowa jajir kamar sabon faifai, sai ka same shi ya kafa kyamararsa a kan ƙafafunta uku yana jira. Ya ɗauki wata a kan hasumiyar Gobarau, kai ka ce tulu ne aka ɗora mata. Ya ɗauke shi yana leƙowa ta bayan Dutsen Zuma. Amma wanda ya fi zauna masa a rai shi ne wata a kan Dala. To, sana'ar tasu tana da wani sirri: in kana son wata ya fito ƙato a bayan dutse, ba matsowa za ka yi ba, ja da baya za ka yi, can nesa, sai gilashin kyamara ya jawo maka su tare. Saboda haka duk wata sai ya shigo mota, ya sauka tun kafin ƙofar gari, ya hau saman wani bene da ba a gama ginawa ba. Daga nan birni duk yana shimfiɗe a gabansa. Hayaƙin girki yana tashi a hankali, tattabaru suna komawa gida, kiran salla yana tasowa daga nan, wani ya karɓa daga can, har wata ya ɗago kai ta bayan dutsen. Wallahi ko ni da nake ba ka labari, da na ga hoton sai da na sake dubawa.

A gindin dutsen nan kuwa mahaifiyarsa take, tsohuwa, tare da ƙanwarsa. Ya taɓa gaya wa tsohuwar ta waya cewa duk sha huɗu ga wata yana zuwa bakin gari, har yana hango unguwarsu. Ta ce to, Allah ya yi albarka. Shi kuwa gogan, da ya gama ɗauka sai ya ce duhu ya yi, motar komawa za ta tashi, kuma shiga gari ai sai an zaga dangi, bari sai wata mai zuwa. Wata mai zuwa ya zo, sai gajimare ya ɓata masa aiki, ransa a ɓace, ina zai shiga da wannan fuska? Haka damina ta wuce, kaka ta wuce, wata daminar ta sake zagayowa. In zuciyarsa ta ɗan tsikare shi sai ya lallashe ta, ya ce ai yana ganin gida.

Ana nan sai wani mai otal ya nemi a wanke masa hoton Dala babba, wanda zai cika bango. Da aka wanke, mai hoto ya tsaya yana duban abinsa, sai idonsa ya sauka a kan wani farin ɗigo a saman wani soro. Ya matsa kusa. Soron gidansu ne. Ɗigon kuwa mutum ne da farin mayafi. Ya koma ya buɗe hotunan watannin baya ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ɗigon nan a wuri guda. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne, duk wanda ya hau soro a hotunan wata yake kallo, mai farin mayafin nan, mahaifiyarsa, ita kaɗai ce ta juya wa wata baya, ta fuskanci yamma, inda yake tsaye.

Washegari ya naɗe hoton ya shiga gari, ya same ta a tsakar gida a kan tabarma. Ya yi sallama ta amsa, amma idonta gefensa yake kallo. Ƙanwarsa ta ja shi ta gaya masa cewa tun bara yanar ido ta rufe wa tsohuwar gani, kuma tsohuwar ce ta hana a faɗa masa, wai kada a ɗaga masa hankali yana kan neman abincinsa. Kuma duk da haka, duk sha huɗu sai ta sa an kama hannunta an hau da ita soro, da gwiwar tata mai ciwo. In aka ce Inna me za ki gani, sai ta ce, "In ni ban gan shi ba, ai shi ya gan ni."

Ya durƙusa a gabanta ya warware hoton. Ta shafa takardar sau ɗaya ta ture gefe, ta lalubo fuskarsa, ta bi goshi, ta bi kumatu, har ta kai haɓa. Ta ce, "Ashe har gemu ka tara. Fari ne ko baƙi?" Sai hawaye suka zubo masa. Watan da ya yi ta bi yana nan, kowane sha huɗu zai fito. Idon da ya yi ta jiransa a saman soro shi ne ba zai dawo ba.

To, ka ji. Ɗauki wayarka, amma mota za ka nema da ita, tun kana da wanda zai gan ka. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.