Dashen Albasa Sau Shida

A faɗin gundumar nan babu wanda ya kai ni sanin makaranta. Ni daga jin ƙararrawar tashi nake gane ko malaman wuri sun iya lissafi, kuma tunda nake ban taɓa yin zaɓe ya ba ni kunya ba. Haka na gaya wa maƙwabcina Haladu da ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar, yana neman shawara. Zai cire 'yarsa daga firamaren unguwa ne ya kai ta wata sabuwa a bakin titi, mai fenti ruwan ɗorawa. Na ce ya zo gidan magani, amma ya fara jin misalin wani wawan mai lambu da na sani can nesa, bayan kogi.

Mutumin gwanin albasa ne. Ya san idan iri ya kai tsawon yatsa, cire shi ake yi a dasa a wani fangali, sai ya yi kai. 'Yarsa tana aji uku a makarantar ƙauyensu, wadda iska ta yaye wa rufi, ana karatu a gindin darbejiya. Akwai wata malama gajera, kullum da ƙurar alli a gefen gyalenta, ita ta koya wa yarinyar haɗa baƙi, har takan dawo gida tana rera karatu tana tankaɗe. Sai ya ji an buɗe makarantar kuɗi a gari, inda ko akuyar da ke kiwo a bayan katanga da Turanci take kuka. Ya ce tunda dashe ɗaya ke sa albasa ta yi kai, biyu ai sai ta kai tulu. Ya tumɓuke yarinyar. Ba a rufa shekara ba aka ce hukuma ta kawo sabon tsari, an ware makarantar gwaji, an sauya littattafai. Ya sake tumɓuke ta. Inda aka kai ta sun riga sun wuce rabawa, inda ta baro ba su gama ninkawa ba, abin da ke tsakani kuwa ba wanda ya tsaya ya koya mata. Kafin ta kai aji biyu na sakandare an yi dashe shida. Ko'ina sabon ɗinkin kayan makaranta, sabon launi, da bencin baya inda ake ajiye baƙi. Ba ta da ƙawar da suka ga damina biyu tare. Waƙar tankaɗe ta ɗauke, uban bai ma lura da ranar ba.

Wata safiya ta ajiye jaka ta ce ta gama. Ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta roƙa, ya mayar da ita wurin malamarta ta aji uku, ko a ƙasa ne za ta zauna cikin ƙanana. Ya hau keke ya tafi. Ya tarar gyaran tsari ya riga shi zuwa: an haɗe makarantar da ta wani ƙauye, malamar an canja mata wurin aiki, kuma duk wanda ya tambaya sai ya nuna masa wata kusurwa daban. Darbejiya na nan, tumaki sun gaje inuwarta. Ya jingine keke ya daɗe yana kasa kunne, ko zai ji yara na rera biyu sau biyu huɗu, ko zai tsinci murya ɗaya a ciki. A nan ya tuna albasa sau ɗaya ake dasa ta, na biyu saiwa ce ke tsinkewa. Abin da ya sani a lambu tun yana saurayi, a gida ne ya manta.

Haladu ya girgiza kai ya ce lalle wannan mutum bai nemi shawarar irina ba. Ina gyara zama in amsa, sai yayata Kande, wadda ashe tana zaure tana tsintar wake, ta leƙo.

“Haladu, bayan kogin nan fa bai wuce bayan katangar nan ba. Keken ma na maigidana aka ara, aka dawo da shi taya ba iska, mai aron kuma idanu jajur, wai ƙwaro ne ya faɗa masa. Ƙanena, masanin makarantu, har yau ba kai ne ke tare duk malamin da ya sauka a tasha kana tambayar wata gajera ba?”

Na ja hula ta rufe mini gira. Ban kalli kowa ba na ce, “Bar yarinyarka inda aka san sunanta, Haladu. Garin neman ƙiba aka samo rama.”