Ranar da Na Yi Tatsuniya da Rana

Har yau in na ji warin ruɓaɓɓiyar albasa, zauren babana nake tunawa a Dingyaɗi. Shekarar da kaya suka yi tsada ce, ko batir ya gagare mu, rediyon Baba ya yi shiru a kan taga. Ni kuwa ina da i'ina mai tsanani. Yara suna kwaikwayona, don haka na daina magana, sai nuni da hannu.

Wata rana bayan azahar muna zaune, Baba yana tsince masu ruɓa daga cikin albasa, sai ya ce, "Ɗiyata, akwatin nan ya mutu. Ke za ki ba ni labari yau."

Na daɗe ina kokawa da harshena kafin na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Gwaggo, yayarsa, ta leƙo daga cikin gida. "Subhanallahi! Tatsuniya da rana tsaka? So kake yarinya ta ɓace a kasuwa?"

Baba ko kai bai ɗaga ba. "Yaya, bar ta ta hwaɗi. In ta ɓace, ni ka biɗo ta." Ya dube ni. "Ta zo mu ji ta."

Labarin kura da akuya ne, ɗan gajere, amma har aka kira la'asar ban kai ƙarshe ba. Bai taya ni ko kalma ɗaya ba, jira kawai yake.

Yanzu ni malama ce, magana ce abincina. Amma ban sake samun mai saurare irin mutumin nan da albasa a hannu ba. Allah Ya jiƙan Baba.